Hutun Hunturu a Ƙauyen Romaniya

Mai son ganin Romaniya ta ainihi sai ya bar Bukares, babban birnin ƙasar, ya yi arewa zuwa yankin Maramures da ke bakin iyakar Yukren, kuma ya je a watan Disamba. A lokacin dusar ƙanƙara kan lulluɓe duwatsu, rana kuma tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, amma ƙauyuka irin su Breb da Botiza cike suke maƙil. Tun da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007 matasa suka bazu neman kuɗi a Italiya da Sifen da Jamus, Kirsimeti ce ke dawo da su gaban iyayensu.

Mutanen yankin gwanayen sassaƙa ne. Ƙofar gida ta katako sai ka tsaya kallon zanenta, kuma majami'unsu na katako guda takwas sun shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 1999. Yawancin mutanen Kiristocin Otodoks ne. Daga 15 ga Nuwamba suke fara azumin kwana 40 na ƙaurace wa nama da madara da ƙwai, wanda tsofaffi suka fi riƙewa. Ranar 20 ga Disamba kuwa ake yanka aladen biki.

A nan na ga halin kirki. Tsohuwar da ta sauke ni, da ta ji Musulmi ne ni, ba ta tsawaita tambaya ba. Ta ware mini tukunya da cokali, ta tuƙa tuwon masararsu da suke kira mamaliga, ta zuba masa cukun tumaki, ta tsaya a kaina har na cinye. Mijinta ya miƙo barasar da suke dafawa da 'ya'yan itace, na ce ba na sha, ya janye hannu ba ɓacin rai. Wannan barasa ce kaɗai ta dame ni, don wasu tun da hantsi suke farawa.

Daren jajibirin Kirsimeti yara ke bin gida-gida da waƙoƙin addini, ana ba su tuffa da burodi da 'yan kuɗi. Nan take na tuna da tashe, wanda muke sakaci da shi yana gushewa, alhali su sun riƙe nasu gam.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabi. Na ga ƙato ya fito daga tsadaddiyar mota mai lambar Italiya, ya cire hula, ya sumbaci hannun kakarsa, sannan ya ɗauki gatari ya faskara mata itace. Arziki bai sa ya fi ƙarfin aikin gidansu ba. Duk ɗan cirani da ke komawa gida da Sallah, ya kamata ya koma da irin wannan hali.