Biskit Na Kowa da Kowa

A gidanmu akwai wani tsohon gwangwanin shayi da Kaka ta ke ɓoyewa a ƙasan akwatinta. Ba kuɗi a ciki, ba zinariya. 'Yan ƙarafa ne guda huɗu na yankan biskit: tauraro, da ƙararrawa, da zuciya, da ɗan rago. Kaka ta same su tun tana budurwa, daga hannun wata Baturiya 'yar Amurka wadda ta koya mata gashi. Irin wannan biskit mai sukari, da a ke murzawa a yanka shi siffa siffa, a kan ce Jamusawan da suka zauna a garin Nazarat na jihar Fensilbaniya cikin shekarun 1700 su ne suka yaɗa shi a Amurka. Mu dai ta hannun Kaka ya iso mana. Kowace shekara, in Kirsimati ya matso, sai ta fito da gwangwanin, yara su kewaye tebur, gida ya cika da ƙanshi.

Sai ga shi wata shekara gwangwanin nan ya zama abin baƙin ciki.

Autarmu tun tana shekara uku ta fara ramewa. Ciki ya kumbura, ƙafafu sun sirance, zawo ba ya ɗaukewa. Muka ba ta maganin tsutsa, muka ba ta na ƙarin jini, ba wani canji. Mun daɗe muna yawon asibiti kafin wani likitan yara ya sa a gwada jininta, daga baya kuma aka duba hanjinta. Ya zaunar da mu, ya ce ciwon siliyak ne, jikinta ba ya shiri da alkama. Muka dubi juna, gama ba mu taɓa jin ko sunan ba. Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu.

Ga abin da muka koya, ko zai amfani wani gida. A cikin alkama akwai wani abu mai danƙo da a ke kira gulutin. Shi ne ya ke sa kwaɓin burodi ya yi ja kamar roba. Yana cikin sha'ir kuma, da wani hatsin Turai mai suna rai. Ga mai wannan ciwo, in gulutin ya shiga ciki sai jiki ya tasam ma ƙaramin hanji, ya lalata 'yan tsirai tsiran da ke tsotse amfanin abinci. Yaro yana ci, amma abincin wucewa kawai ya ke yi. Wani likita a London, Samuel Gee, ya bayyana alamun ciwon a 1888, amma bai gane tushensa ba. Wanda ya gane shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. A lokacin yunwar da aka yi can cikin sanyin 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya, sai ya ga yaran nan masu zawo suna samun sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950. Yau an ƙiyasta mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi. Kada kuma a ce ciwon Turawa ne kaɗai. A 1999 an gwada yaran Sahrawi na yammacin hamadar Sahara, aka tarar fiye da 5 cikin 100 suna ɗauke da shi. Maganinsa guda ne tak: a bar duk abin da ke da gulutin har iyakar rai.

Wajen abincin yau da kullum ba mu sha wahala ƙwarai ba. Tuwon dawa, da na masara, da na shinkafa, da fura, da kunun gero, da acca, da doya, da rogo, duk ba gulutin a cikinsu. Muka bar mata burodi, da taliya, da fanke, da cincin, da tuwon semo. Cikin 'yan watanni kumatu suka fito, ta soma guje guje da yayyenta.

Amma da Kirsimati ya zo, Kaka ta fito da gwangwaninta yadda ta saba. Aka gasa taurari, aka yi musu ado, yayye uku suka cika hannu. Auta kuwa muka miƙa mata ayaba da gyaɗa a ƙaramin kwano. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, can ta ce, "Mama, ni baƙuwa ce a gidan nan?"

Ba wanda ya iya amsawa. Da dare Kaka ta kira mu ɗakinta, ta ce, "Ku ji, 'ya'yana. Abin da ke damun kishiyar nan tawa ba yunwa ba ne. So ta ke ta sa hannu inda kowa ya sa. Ko dai mu sami biskit ɗin da za ta ci tare da mu, ko kuwa gwangwanin nan ya koma akwati, ba zai ƙara fitowa ba."

Daga nan muka shiga gwaji. Na farko, muka ɗauki tsarin Kaka, muka zuba garin shinkafa a madadin fulawa. Kwaɓin ya ƙi haɗuwa, yana wargajewa kamar jiƙaƙƙen yashi. Wanda muka lallaba muka gasa, da an taɓa shi sai ya zube, a baki kuma sai ka ce tsakuwa. Na biyu, muka ƙara bota don ya kama. Taurari suka narke a kan faranti, suka haɗe suka zama fai-fai guda. Na uku, maigida ya kawo shawara a sa garin busasshiyar kuɓewa, tun da yauƙi a ke nema. Ya kama kam, ba laifi, amma yara suka ce a kawo tuwo, ga miya ta samu.

Gwaji na huɗu shi ya fi ba mu tsoro. Biskit ya yi kyau, Auta ta ci uku, kashegari ciki ya ɓaci. Muka bi diddigi, ashe injin da aka kai niƙan shinkafar an niƙa alkama a cikinsa da safe. Ɗan abin da ya maƙale a injin ya isa. Ka'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita ta ce, abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo guda. Wannan kuwa ido ba ya ganinsa. Tun daga ranar muka ware wa aikin nan turminsa, da rariyarsa, da muciyarsa, da kwanonsa. Mu kan jiƙa shinkafa, mu tsane ta, mu shanya ta sha iska, mu daka, mu tankaɗe sau biyu, sa'an nan mu sake shanya garin ya bushe sarai. In garin bai yi laushi kamar hoda ba, biskit zai yi gardin yashi. Abin da muka sayo a kanti kuma, ko bakin hoda ne ko sitaci, sai mun karanta jikin kwalin tukuna.

A hankali muka gane inda gizo ke saƙa. Aikin gulutin shi ne riƙe gari wuri ɗaya. In an cire shi, dole a sami mai riƙewa. A manyan kantuna a kan sami wani farin gari mai suna zantan, rabin ƙaramin cokali ya isa kwaɓi guda. In ba a samu ba, ga dabarar da Kaka ta ɗauko daga wajen masu waina, waɗanda su kan zuba dafaffiyar shinkafa cikin ɗanyen ƙulli. A dama babban cokali 1 na sitacin rogo da ruwa cokali 3, a ɗora a wuta kaɗan kaɗan ana juyawa har ya yi kauri ya yi sheƙi, a bar shi ya huce. Wannan ɗan kunu shi zai kama garin.

Ga awon da muka tsaya a kai, ya kan ba mu biskit wajen 24. Garin shinkafa giram 200, sitacin masara giram 80, bota giram 120, sukari giram 120, ƙwai 1, bakin hoda rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan kaɗan, da zantan ko kunun sitacin nan. In da kunun aka yi, a ƙara garin shinkafa cokali 2. Mun sayi ƙaramin sikeli domin wannan, gama garin shinkafa ya fi fulawa nauyi, awon kofi ya kan ruɗi mutum.

A buga bota da sukari har su yi fari, a fasa ƙwai a ciki, a zuba kunun, sa'an nan gari. In ya haɗu, a naɗe shi cikin leda, a sa a firji sa'a guda. Kada a yi gaggawa a nan. Garin shinkafa ba ya shan ruwa da sauri, hutun nan shi ke kashe gardin, sanyi kuma shi ke daskarar da bota don siffa ta tsaya. Ranar da ba wutar lantarki, mu kan kwaɓa da dare, mu ɗora kwanon cikin ruwan randa, mu yi murji da asuba. Hunturun Disamba abokin aikinmu ne.

Wajen murji, a sa kwaɓin tsakanin leda biyu masu tsabta, a ajiye fensir guda a dama, guda a hagu, a bi da kwalba a kansu. Kaurin fensir shi ne daidai, wato kamar milimita 6 ko 7. In ya fi haka siranta, ƙafar ɗan rago za ta karye. A tsoma ƙarfen yanka cikin sitaci, a danna, a ɗauke da wuƙa mai faɗi. Wanda ba shi da ƙarafa irin na Kaka, bakin ƙaramin kofi ya isa, ko kuwa a kai zane wajen mai ƙirar gwangwani ya lanƙwasa. Nan ne kuma muka ga wata riba. Kwaɓin fulawa in an yi ta murza shi sai ya yi tauri, amma wannan ko sau biyar aka tattara guntayen aka sake murzawa, ba abin da zai same shi. Don haka mu kan sakar wa yara hannu.

Zafin tanderu ya zama awo 175, minti 10 zuwa 12. Mai gashi da tukunyar yashi ta rage garwashin ƙasa, ta ƙara na bisa murfi. Biskit ɗin nan ba ya ja kamar na fulawa. In gefensa ya soma canza launi, sama kuma ta daina sheƙi, ya yi. A bar shi a kan farantin minti 10 kafin a taɓa, gama da zafinsa ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Mun yi asarar taurari da yawa kafin mu koyi wannan haƙuri.

Sai ado, wanda shi ne bikin yara. Mu kan tankaɗe garin sukari mai laushi giram 200, mu ɗiga ruwan lemun tsami cokali 2 zuwa 3, muna juyawa. Ba mu sa ɗanyen farin ƙwai, saboda ƙananan yara. A raba shi biyu. Mai kauri a zuba a kusurwar leda, a yanke bakin kaɗan, a zana iyaka kewaye da biskit. Ɗayan a sassauta shi da 'yan ɗigon ruwa, a zuba a tsakiya, a baza da tsinke. Iyakar nan ita ke hana shi kwarara. Launi kuwa a madafarmu muka same shi: ruwan zoɓo mai kauri ya ba mu ja, ɗan gangamau ya ba mu rawaya, garin zogale kaɗan ya ba mu kore. Kada a yi ado sai biskit ya huce sarai, in an gama kuma a bar shi ya kwana a buɗe inda tururuwa ba za ta kai ba.

Wata maƙwabciya ta ce mana, don me ba za mu yi na Auta dabam, na sauran yara dabam ba, tun da fulawa ta fi sauƙin aiki? Mun yi tunanin haka. Dalilinmu na fari shi ne, garin fulawa yana tashi a iska ya sauka ko'ina. Amma babban dalilin shi ne tambayar nan ta bakin ƙofa. Muddin akwai faranti biyu, akwai baƙo a gida. Saboda haka ranar gashi, kowa na shinkafa ya ke ci, daga Kaka har Auta.

Ya ku iyaye, in kuna da yaro mai irin alamun da muka faɗa, kada ku yanke masa alkama da kanku tukuna. Ku kai shi wurin likita, gama in an daina ci kafin gwaji, gwajin ba zai nuna gaskiya ba. Ku tuna kuma biskit abin marmari ne na ranar biki, ba zai maye gurbin tuwo da miya ba.

Kirsimatin da ya wuce, Auta ce ta ɗauki farantin ta kai wa baƙi. Ta zaɓi wani ɗan rago da ta yi wa ado da kanta, koren zogale ya malale har ya rufe masa ido. Kawunta ya ci tauraro biyu, ya ce na bana ya fi na kowace shekara, bai kuwa san ba alkama a ciki ba. Kaka ta kira ta, ta ce, "Zo nan, kishiya. Wanke ƙarafan nan ki goge su da kyau, kada su yi tsatsa. Daga yau gwangwanin a hannunki ya ke." Auta ta karɓa da hannu biyu, bakinta cike da biskit.