Kalmar da ta kulle littafin bashi

A ƙarshen kakar 2019, lokacin da kamiyoyin wake ke layi a hanyar Ɗan Isa, wani kontabul na wani babban ɗan kasuwa a Maraɗi ya komo buro bayan jinyar mako uku. Ya zauna gaban ordinatar, ya buga kalmar sirri, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ashe ana gobe zazzaɓi zai kwantar da shi ya canza kalmar, kuma bai rubuta ta ko'ina ba, don shi kansa ya sha yi wa yaran mangaza faɗa a kan masu manna tasu jikin bango.

Abin da ke bayan wannan ƙofa ba ƙarami ba ne: sunayen dillalai da bashin da ake bin kowane, faktir na shekara biyu, da lissafin da ma'aikatan haraji ke jira. Yaran suna da nasu ƙaramin konti, amma shi kaɗai ke riƙe da na administratar, wato mai cikakken iko. Mafi ciwo kuwa shi ne shirun Alhaji. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "To Malam, Allah ya tuna maka." Duk wanda ya taɓa riƙe dukiyar wani ya san nauyin irin wannan addu'a, domin mantuwar mai lissafi da ɓoyon mai lissafi kamarsu ɗaya a idon mai kuɗi.

Kwana biyu yana gwada sunayen ƴaƴansa da lambar babur. A na uku aka kira wani saurayi mai gyara. Tambayarsa ta farko a kan kilabiye ce, kuma ya yi daidai: na'urorin da ke shigowa daga Kano ko Dubai na Ingilishi ne, QWERTY, alhali hannun ɗan lakwal ya saba da AZERTY na Faransanci. Tsakanin biyun A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, lambobi ma a na Faransanci sai an danne Maj suke fitowa. Sau da yawa wanda ke kukan mantuwa bai manta kome ba, harshen kilabiye ne ya juya. Aka gwada haka, aka gwada hakan, ƙofa na nan rufe.

Alhaji ya ce a ciro kalmar daga cikin na'ura mana. Saurayin ya ce ba ta ciki. Windows ba ta ajiye kalmar kanta, niƙa ta take yi da lissafi ta ajiye garin a wani fayil mai suna SAM. In ka buga kalma sai ta niƙa ta, ta gwada gari da gari. Gari kuwa ba ya komawa tsaba. Abin da ake iyawa shi ne a zubar da tsohon garin. Ya fito da kile USB, ya tada na'urar da Linux maimakon Windows, ya buɗe chntpw, ɗan shirin da wani mutumin Norwe, Petter Nordahl-Hagen, ya fitar tun 1997. Kafin ya taɓa kome sai da ya kwashe fayilolin lissafi zuwa wani faifai, ya kuma tambaya ko an taɓa kulle wasu da EFS, domin irin waɗannan mabuɗinsu na ɗaure da tsohuwar kalma, in an share ta sun tafi ke nan. Ba a taɓa ba. Da kontin na Microsoft ne, irin wanda aka soma tun Windows 8 a 2012, da ta lambar tarho ko adireshin imel za a bi; wannan na cikin na'ura ne kawai.

Kafin a kira la'asar allo ya buɗe. Kontabul bai yi murna ba sai da ya buga jerin bashi a takarda ya miƙa wa Alhaji, shi kuma ya kwatanta da ɗan kayensa na aljihu, layi bayan layi, ko dala ba ta ɓace ba.

Sai dai Alhaji ɗan kasuwa ne, idonsa ya ga abin da sauran ba su gani ba. Ya dubi saurayin ya ce: "Yaro, in kai ka buɗe kafin shayi ya huce, ɓarawo fa?" Amsar ba ta da daɗi: duk wanda ordinatar ta shiga hannunsa yana iya yin haka, sai fa in an rufe faifan gaba ɗaya da BitLocker, wanda ke cikin Windows 10 Pro ɗin da suke aiki da ita. Amma a nan ba kile USB da ke ceto. In kalma ta ɓace, sai mabuɗin ceto mai lamba 48. In shi ma ya ɓace, ba gwanin da zai komo da ko layi ɗaya.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a kunna. Aka buga lambobin 48 a takarda biyu. Ɗaya ya ba kontabul a gaban kowa, ɗaya ya naɗe da hannunsa ya sa cikin akwatin ƙarfe, tare da takardun filaye. Saurayin ya karɓi jika biyar da goro, ya hau babur.