Warin Ruwan Kibiritu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin maɓuɓɓugar ruwan kibiritu, wato farar wuta, ya san warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Baƙo yakan toshe hanci, ya ce ruwan ya mutu. Amma Sergei Winogradsky, wani masani haifaffen Kiyef, bai yi haka ba. Ya ɗebi farin yauƙin da yake kwance cikin ruwan, ya duba da madubin likita. A 1887 ya nuna cewa yauƙin nan ƙwayoyi ne masu rai, tururin nan mai wari shi ne abincinsu. A 1895 kuma Beijerinck, mutumin Holan, ya gano waɗansu ƙwayoyi masu zama inda ba iska, su ne suke haifar da warin daga gishirin kibiritu.

Kibiritu kuwa akwai marar nauyi, mai lamba 32, da mai nauyi, 34. Masu haifar da warin sun fi ɗaukar marar nauyin, don haka mai awo yakan gane aikinsu cikin ruwa ko bai gan su ba. Ashe ruwan da aka raina cike yake da ma'aikata. Komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.