Ɗorawar Da Ta Biya Mini Kuɗin Makaranta

Ranar da malaminmu na tattalin arziki ya ja layi a tsakiyar allo, ya rubuta "albarkatu masu sabuntuwa" a dama, "masu ƙarewa" a hagu, ni ma na kwafa kamar kowa. Fetur, gas, kwal da zinariya suna hagu. Rana, iska, ruwa da itatuwa suna dama. Ina kaiwa kan "itatuwa" sai hannuna ya tsaya, don na san wata itaciya da ba ta sabunta ba, kuma da kuɗinta nake zaune a ajin.

A gonarmu ta Furana akwai wata ɗorawa da Baba ya ce shi ma a haka ya taso ya gan ta. Mutum biyu ba sa rungume gindinta. Kowace bazara mu ne 'yan kaɗo, kakarmu Inna ce mai rabo. Garin mu sha, bakinmu ya yi rawaya. Kalwar ta dafa, ta surfa, ta rufe kwana biyu ko uku ta zama daddawa, 'yan talla su zaga da ita. Ɓawon ma ba a yar da shi, makuba ake yi a shafe katanga. Sabulun Inna, goronta da gudummawar bikinta duk daga nan suke fitowa, ba ta taɓa roƙon kowa ba.

Sai ga 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Baba manomin rani ne, tumatir da albasa, kuma injin ban ruwa ba ya jin lallashi. Ya ci bashi ya shayar da fadama, tumatir ya nuna daidai lokacin da na kowa ya nuna, daga Ikara har Hunkuyi, kwando ya faɗi warwas. A tsakiyar wannan ne sunana ya fito a nan makarantar.

Masu gawayi kuwa dama sun daɗe suna zagayen gonar. Gas da kananzir sun gagari talakan Zariya da Kano, kowa ya koma kurfoti. Kirya da marke, waɗanda su ne itacen gawayi na asali, sun yi wuyar gani a wajenmu, shi ya sa ido ya dawo kan kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da a da ko reshensu ka sara sai ka yi bayani gaban mai gari.

Inna ta ce, "Yanzu uwar daddawar za ka sayar?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, yaron nan fa makaranta ya samu."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Injin yanka bai yi wuni ɗaya ba ya gama da ita.

Ni dai ba na ganin laifin Baba, wallahi ko ni ne abin da zan yi ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne layin nan na allo. Tun 1956 aka gano mai a Oloibiri, ana ta gaya mana wata rana zai ƙare, ga shi har yau ana haƙowa. Ba ƙarewa ya yi ba, tsada ya yi. Amma da ya yi tsadar, ɗorawarmu ce ta biya, ita da aka rubuta a layin waɗanda ba sa ƙarewa. Itace yana sabuntuwa, gaskiya ne, amma da nasa saurin, ba da saurin buƙatarmu ba. Ɗorawa kan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kafin ta kai girman tamu kuwa sai jikoki. Kuɗin rajista kuma mako biyu aka ba mu.

Na yi wa malam wannan tambayar bayan lacca. Ya ce duk abin da ake ɗiba fiye da yadda yake tofowa, to ya tsallaka layin hagu ko da littafi bai ce ba. Na so a ce a cikin aji ya faɗa, kowa ya ji.

Wani abokina ya ce ai maganin kawai a sayi injin sola. Eh, na ga masu shi a fadama, kuma ba sa bin layin gidan mai. Sai dai kuɗin sayensa a dunƙule ake nema, wanda ke sayar da itaciya don rajista ina zai gan su?

Da daminar bara na dasa ɗorawa uku a gefen kututturen. Awaki sun cinye biyu, ɗayar na kewaye ta da ƙaya, ta kusa kai mini gwiwa. Inna yanzu awon kalwa take yi a kasuwar Makarfi, ta ce ribar ba ta wuce ta gishiri. Ni kuma jiya da yamma na sayi gawayi ƙulli ɗaya a bakin get na dafa taliya, ban tambayi mai sayarwar daga wane daji aka kawo shi ba.