Ajin da muka zauna da 'yan sanda da gandurobobi

A farkon shekarun 2000, nazarin laifuka 'yan kwasa-kwasai ne a sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar Bayero, kuma mu da muka zaɓe su ba mu da yawa. Akwai mu yara da muka fito daga sakandare, akwai kuma magidanta da suka karɓi hutun karatu daga wurin aiki: 'yan sanda, gandurobobi, da wani magatakardan kotu mai furfura da kowa ke kira Baba. Mu a takarda muka san laifi, su kuwa da shi suke kwana suke tashi.

Malam ya fara mana da Bekariya, mutumin Italiya da ya rubuta a 1764 cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana ɓarna. Da muka zo kan Lamburoso, wanda ya yi iƙirari a 1876 cewa ana haihuwar mai laifi da alamunsa a muƙamuƙi da kunnuwa, mu yara muka yi ta dariya. Wani Sufeto da ke zama a layin baya bai yi ba. Ya ce, "Malam, har gobe da yawanmu fuska da sutura muke kallo a shingen bincike." Ajin ya yi tsit, Malam ya rufe takardarsa, darasin ranar ya koma kan wannan magana.

Haka muka riƙa auna kowane ra'ayi da abin da ke ƙofar gidanmu. Wani masani, Maton, ya ce a 1938 al'umma kan kwaɗaita wa kowa arziki sannan ta toshe wa wasu hanyar halal. Muka yi ta musu ko hakan ya isa ya bayyana 'yan daba. Wani kuma, Satalan, ya ce koyon laifi ake yi wurin abokan hulɗa, Baba ya ce ai kakanninmu sun riga shi, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Littafin Abdulrahman Dambazau, sojan da daga baya ya zama ministan harkokin cikin gida, shi ne abin da muke rububi, domin misalansa na ƙasarmu ne. Kwafi ɗaya kan zaga hannun mutane da dama har bangonsa ya saki.

Lokacin ma ya taimaka mana. A aji muna karanta Kundin Hukunta Laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda gwamnatin Sardauna ta ɗauko samfurinsa daga Sudan, su ma daga na Indiya na 1860. A waje kuma Zamfara da Kano sun fara aiki da Shari'ar Musulunci a 2000. Muhawara kan haddi da ƙisasi da ta'aziri kan biyo mu har masallaci da wurin mai shayi.

Amma ranar da ta fi zama a zuciyata ita ce ta ziyarar wani gidan yari. Daga shiga akwai allon da ake rubuta adadin mutanen ciki kowace safiya, kuma masu jiran shari'a sun ninka waɗanda aka yanke wa hukunci. Baba ne ya warware mana yadda abin ke faruwa. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai a kai mai tuhumar fashi ko kisa kotun majistare da ba ta da hurumin sauraron shari'ar, ta ce a ajiye shi har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Daga nan fayil ya kwanta, ɗan sandan da ya yi bincike a sauya masa wurin aiki, shekaru su tafi. Wani saurayi sa'ana ya matso kusa da Baba, bai roƙi kuɗi ko abinci ba. Ya ce, "Baba, don Allah a duba mini ko takardata tana nan."

A motar komawa aka yi cacar baki mai zafi. Sufeto ya ce laifin kotu ne, Baba ya ce binciken 'yan sanda ne ba ya kammala, ganduroba ya ce shi wanda aka kawo masa da takarda kawai yake karɓa. Wata 'yar ajinmu, ƙarama a cikinmu, ta tambaye su, "To yallaɓai, wa saurayin nan zai riƙe?" Babu wanda ya tsawata mata. Manyan nan suka zauna suna ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban sake samun wurin da na ga haka ba.

A 2015 aka yi dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya, wadda ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko ga kwana 14, ta kuma wajabta wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. A 2019 gidajen yari suka koma gidajen gyaran hali, aka buɗe ƙofar hukuncin da ba ɗauri ba. Har yanzu wajen kashi biyu cikin uku na mutanen ciki jiran shari'a suke. Sufeto, wanda ya yi ritaya, ya kira ni lokacin da dokar 2015 ta fito, ya ce ga abin da Baba ya daɗe yana nema. Baba bai kai lokacin ba, Allah ya jiƙansa da rahama.