Sobral, Garin da Ake Sauraron Karatun Kowane Yaro

Aboki, abin da yawancinmu muka sani game da Barazil bai wuce ƙwallon ƙafa da birnin Rio ba. Da wannan ɗan guzurin na sauka a Fortaleza, babban birnin jihar Ceará a arewa maso gabashin ƙasar, ba na jin Fotugis sai abin da tafinta ya juya mini. Daga nan muka hau bas muka nausa yamma, tafiyar fiye da kilomita 200, zuwa Sobral.

Muna barin bakin teku ƙasa ta fara bushewa. Sai ƙayoyi da awaki da wata bishiya mai kama da giginya da suke kira carnaúba, wadda ake saƙa malafa da kabarta. Zafin kuwa irin na Sakkwato ne a watan Afrilu. A tashar da muka tsaya aka kawo mini baião de dois, ashe garau-garau ne, sai dai sun ƙara masa cuku. Wannan yanki yana cikin mafiya talauci a ƙasar, ka riƙe wannan a ranka.

Sobral na bakin kogin Acaraú, mutanenta kimanin 200,000. A nan masana suka ɗauki hoton husufin rana na 1919 wanda ya gaskata nazarin Einstein, har an gina gidan tarihi don haka. Ni dai firamarensu ce ta kawo ni. Duk shekara biyu gwamnatin tarayya na fitar da wani ma'auni mai suna IDEB, wanda ke haɗa sakamakon jarrabawar Fotugis da lissafi da yawan yaran da suka haye aji na gaba. A 2005 Sobral ta sami maki 4.0 cikin 10, tana ta 1,366. A 2017 ta sami 9.1, ta zo ta ɗaya a ƙasar da a lokacin ke da ƙananan hukumomi 5,570. Makarantun gwamnati ne, na 'ya'yan talakawa, kuma a hannun ƙaramar hukuma suke.

Da sassafe aka kai ni wata makaranta a gefen gari. Gini ne na yau da kullum, mai tsabta, da fanka da allo. Shugabar makarantar ba ta zauna da mu ba sai da ta gama duba rajistar halarta, domin yaron da bai zo ba, a ranar ake neman iyayensa, in waya ba ta shiga ba a tura mutum gida. Sannan ta buɗe mini takardar da ta fi komai tsaya mini a rai. Sunayen 'yan aji ɗaya da aji biyu ne, gaban kowane suna an nuna inda ya kai: wannan yana karanta kalmomi, wancan jimla, waccan tana karanta labari ba gargada. Sau biyu a shekara masu aunawa ke zuwa daga wajen makarantar, su zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya su saurari karatunsu. Na tuna ajujuwanmu da ake bin malam da amshi, murya ta cika unguwa, a tashi ba wanda ya san yaro nawa ne ke iya karanta layin shi kaɗai.

Su ma da haka suke. A zamanin shugaban ƙaramar hukuma Cid Gomes, wanda ya hau a 1997, an yi gine-gine an cika ajujuwa da yara. Da aka gwada su a wajajen 2001, sai aka tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba sa iya karatu. Ba su ɓoye sakamakon ba. Suka sa buri guda a gaba, kowane yaro ya iya karatu kafin ya gama aji biyu. Suka haɗe ƙananan makarantun ƙauye wuri ɗaya, suka fara horar da malamai kowane wata da darasin da za su koyar, da lada ga wanda ajinsa ya yi kyau. Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne raba kujerar hedimasta da siyasa: sai ka zauna jarrabawa an tantance ka, ba da takardar wani babba ba. Kai da ka koyar a firamare ka san nauyin wannan magana.

Da Cid Gomes ya zama gwamna a 2007, sai aka faɗaɗa tsarin zuwa jihar baki ɗaya, har wani kaso na harajin da jiha ke raba wa ƙananan hukumomi ya koma bin sakamakon karatun yaransu. Akwai kuma kyautar Escola Nota Dez, wato makaranta mai maki goma. Makarantar da ta yi fice ana haɗa ta da wadda ke can baya, kuma ba za ta karɓi cikon kuɗinta ba sai abokiyar tata ta ɗaga.

A hanyar komawa Fortaleza tafintana ya gaya mini cewa akwai masana a Barazil da ke sukar Sobral, suna cewa jarrabawa ta yi yawa, ana horar da yara don cin gwaji. Ban raina wannan suka ba, domin na ga alamar matsin a fuskokin malamai. Amma na zauna kusa da wata 'yar shekara bakwai, ta karanta shafi guda a gabana, tafinta ya tambaye ta abin da labarin ya ƙunsa, ta mayar masa da shi da bakinta. Malamarta ta ce sauran yara uku a ajin da ba su kai nan ba, kuma da rana za ta zauna da su.