Ƙafar da Na Zaɓa wa A-kori-kurata

Duk wanda yake cin abinci da a-kori-kura a ƙasar Kankiya da Kusada ya san kwalta ba ita ce wurin aikinsa ba. Titin Kano zuwa Katsina ya ratsa mu, ta Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya ya nufi Charanchi, amma gero da wake ba a bakin titi suke tsirowa ba. Suna can ciki, a ƙauyukan da ke bayan Rimaye da Kafin Soli da Mawashi da Kofa, inda hanya ta koma layi biyu da amalanken shanu ya shata, da tudun ciyawa a tsakiya. Da rani rairayi, da damina taɓo. Can nake kai taki, can nake ɗauko hatsi, kuma daga can ake buga mini waya da tsakar dare idan haihuwa ta zo wa mace da gardama, don a ƙauye mai mota ba ya iya cewa shi ɗan kasuwa ne kawai.

Hilux ɗin da nake ja tsohuwa ce, a hannu na saye ta, ta zo da faffaɗan tayoyi masu lamba 265/70R16 a kan rim na alminiyam mai ƙyalli. Akwai abin da ban taɓa gaya wa abokan sana'a ba: rabin abin da ya ja ni ga motar nan tayoyin ne. Na tashi ina ganin 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da su, suna rangaji da kaya a kan siraran ƙafafu. Sai zuciyata ta haɗa siririyar taya da wahala, faffaɗa kuma da wadata. Ina son in shiga kasuwa a juyo a dubi motata, kuma ana juyowa.

Markar Agusta ce ba ta duba wannan. Faffaɗar taya ba ta zama cikin layin amalanke. Gefenta yana hawa gaɓar layin, sitiyari yana fizgar hannu, kututturen dawa da ƙaya suna samun cikinta, wurin da ya fi ko'ina laushi, wanda in ya tsage faci ba ya riƙe shi. A taɓo kuma tana zama a kan santsin sama tana juyawa, tana tura laka a gabanta kamar garma. Yawancin wuraren da muke maƙalewa a nan ba su da zurfi. Saman ne ya jiƙe, ƙasa mai tauri tana nan kusa a ƙarƙashi, taya ce ba ta kai gare ta ba.

Wani dattijo mai faci a Kankiya, wanda ya yi yaron mota tun zamanin Land Rover, shi ya fara ce mini: "Ɗana, motarka ba ƙarfi ta rasa ba. Ƙasa take nema, ba ta samu ba."

Na ce, "To Baba, mene ne maganin?"

Ya ce, "Sa mata sebin-fifti, ka bar kwalliya wa masu yawo a birni."

Abin da yake nufi shi ne 7.50R16, tayar da tsofaffin Land Rover da Land Cruiser na aiki suke zuwa da ita. Faɗinta kimanin santimita 21 ne, tawa kuwa 26 da rabi. A tsayi kuma siririyar ce gaba: wajen santimita 80, tawa 78. Bambancin kamar ba komai ba, amma yana ɗaga bakasil daga tudun tsakiyar hanya, kuma can ne mota take kwanciya da ciki. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini shi ne maganar sawu. Idan nauyi ɗaya ne, iska ɗaya, girman wurin da taya take takawa a ƙasa kusan ɗaya ne; siffar ce ta bambanta. Sawun faffaɗa gajere ne mai faɗi, na siririya dogo ne mai bin hanya. Dogon sawu ba ya tara ƙasa da yawa a gabansa, shi ya sa injin ba ya shan wahalar turawa.

Sayen ma karatu ne. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya tsayar da ta Ikeja a 2008, tayoyinmu daga waje ake kawo su, sabbi da 'yan gwanjo. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da yi. Na ga 'yar gwanjo mai zane kamar sabuwa, amma robar ta bushe, ta yi ƙananan tsagu a gefe. Araha ba ta ado, kuma ni da nake ɗaukar mai naƙuda a bayan mota ba ni da hurumin gwada sa'a.

Sai kuma kauri. Sebin-fifti da yawa a kasuwa na Canter ne da Dyna, an rubuta musu 14PR. Mai shago zai ce maka su ne masu ƙarko, kuma gaskiya ya faɗa, amma a ƙarƙashin a-kori-kura ba sa lanƙwasa ko kaɗan. Mota marar kaya sai tsalle, sifirin da ƙugun direba su biya. Na tsaya a kan 10PR. Akwai ta zare, akwai ta waya mai harafin R a lambarta, kuma ba a haɗa su a mota ɗaya. Biyar na saya iri ɗaya har da safaya, domin mota mai jan ƙafa huɗu idan tsayin tayoyinta ya saɓa, giyarta ce take cin kanta a hankali.

Rim ɗin alminiyam dole na rabu da shi. Faɗinsa inci 7 ne, siririyar taya kuwa tana son 5 da rabi zuwa 6. A Ƙofar Ruwa ta Kano na samo na ƙarfe, masu huji shida, na gwada kowanne a jikin motar kafin in biya. Na ƙarfe in ya bugi dutse lanƙwasa yake yi, a buga da guduma a ci gaba da tafiya. Na alminiyam tsagewa yake. Na guji rim mai zobe, irin na da, saboda zoben in bai zauna daidai ba yakan tashi lokacin buga iska, kuma ya sha raunata masu faci. Ranar ɗaurawa ban bar wurin ba. Na ga an yi balansin, an ɗaure notuna a gicciye ba bi da bi ba, an karya sitiyari iyaka dama iyaka hagu don a ga ko taya tana gogar madigadi. Muka loda buhuna muka sake dubawa, sannan aka yi alaimen. Bayan 'yar tafiya na sake bin notunan da sifana, don sabon rim yakan saki.

Abin da ya fi yi mini nauyi ba kuɗin ba ne. Da na shiga tasha, wani matashin direba ya ce, "Yaya, me ya sami motar nan ta rame haka? Ko kasuwa ce ta juya?" Na amsa masa da cewa lafiya lau, amma maganar ta kwana da ni. Mutum mai iyali, mai furfura a gemu, ga shi zancen yaro a kan ƙafar mota ya hana shi sukuni. A daren na gane yawan abubuwan da nake yi don idon mutane, ba a mota kaɗai ba, har a sutura da hidimar biki da irin wayar da nake riƙewa. Ban canja duka ba. Tayar dai na bar ta, saboda na riga na ga yadda ta bi layin amalanke ba gardama, ta yanka taɓon da a da nake tara matasan ƙauye su tura ni a cikinsa.

Tana da nata farashin, kuma ba na ɓoye wa mai tambaya. A kan kwalta, musamman in an yi ruwa, ba ta riƙe kwana kamar faffaɗa, birki ma yana son a ba shi fili. Manyan haƙoranta suna kuka a titi. Saboda ta fi tsayi, agogon gudu yana rage lissafi: in ya nuna 80, motar tana wajen 82. Wannan ya sa na rage ƙafa tsakanin Yashe da Kankiya, inda a da nake sakin mota. Kuma ƙarfin taya ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗauka. Hilux an yi ta ne don kimanin tan ɗaya, wato buhu 20 na taki mai kilo 50, ko da mai kaya zai rantse cewa wane yana ɗaukar ninkin haka.

A rairayin rani, inda kowa yake cewa faffaɗa ce sarauniya, iska ce take raba gardama. Kafin in shiga busasshen rafi nakan tsaya in rage ta. In babu kaya har geji ya nuna 22, in da kaya ba na sauka ƙasa da 30. Sawun sai ya ƙara tsawo, motar ta haye a giya ta biyu ba tare da na taka totur da ƙarfi ba. Hatsarin yana wajen komawa kwalta, domin taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu zafi take ɗauka har ta fashe. Don haka na sayi ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota. Duk inda hanyar ƙasa ta ƙare nakan tsaya in mayar wa kowace ƙafa iskarta, minti goma ko sha biyar, fasinja na ƙorafin za a tashi kasuwa, ni kuma ina durƙushe da geji a hannu har sai ta huɗun ta cika.